Esina yana zubar da ruwa a bango tun da na dawo Legas, gas ne ko me?

Baban Ilham ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin harkar na'urar sanyaya ɗaki ku taimaka min da shawara, abin ya fara isata.

Wurin aiki ne suka yi min canji daga Kano zuwa Legas, na kama haya a wajen Ajah, hawa na biyu, ba nisa da ruwa. Da za mu taso sai na sa aka ciro min esin ɗakin kwanana, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin mai rabi a ciki rabi a waje. A Kano ya daɗe yana aiki, ban da wanke masa ƙura bayan hunturu ba abin da na taɓa yi masa. Ko a watan Afrilu da gari ke kai digiri 40, in ka shiga ɗakin sai ka nemi bargo.

Nan kuwa tun da damina ta kankama ban huta ba. In aka kunna shi, bayan ɗan lokaci sai ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan na cikin yana bin bango. Fentin wurin ya kumbura ya yi baƙi, yanzu bokiti muke tarawa. Mai gidan ya gani, ya ce duk ranar da zan tashi sai na yi masa fenti. Ga kuma warin rima da yake busowa da zarar an kunna, uwargida ta yi ta fesa turare a banza.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ɗakin yana yin sanyi, amma sanyin ba daɗi. Ka taɓa zanin gado ka ji kamar bai gama bushewa ba, jiki yana danƙo. Takalmana na fata da ke wadirob duk sun yi fumfuna, har da wata babbar riga ta shadda da ban sa ba tun Sallah.

Na kira mai gyara, ya maƙala agogonsa na auna gas a jikin na wajen, ya ce gas ne ya yi ƙasa, ya ƙara, ya karɓi kuɗinsa. An ɗan samu sauƙi, ba a jima ba ruwa ya dawo. Na sake kiransa, ya sake cewa gas. Yanzu kuma wai injin ne ya yi wa Legas kaɗan, in sayi mai doki biyu, kuma ga shi yana da wanda zai sayar min. Ɗakin ƙafa 12 da 12 ne, taga ɗaya. Na leƙa na wajen ta baranda na ga ƙarfen da ya zauna a kai ya fara tsatsa, abin da ban taɓa gani a Kano ba.

To gas ɗin ne da gaske? In sayi babban? Ko akwai abin da zan iya yi da hannuna?

Sai wata 'yar tambaya ta gefe: hitar banɗaki da na tarar a gidan tana ɗiga ta wani ɗan bututu a ƙasanta duk lokacin da aka kunna. In toshe shi ne? Na gode.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina ka huta da wahalar esi, ka sayi kula irin wadda ake zuba wa ruwa da ƙanƙara. Ita nake amfani da ita a nan Kano, ba ta cin wuta, ko ƙaramin janareta yana ɗaukar ta. In kuma kana da hali ka sayi mai doki biyun kawai, babba ai babba ne.

Mai Gyaran Sanyi ya rubuta:

Wa alaikumus salam Baban Ilham, barka da zuwa Ikko. Sana'ata ke nan. A Kaduna na koya, a nan Agege nake cin abinci da ita, kuma kusan duk ɗan Arewan da ya sauko da esinsa kukan da kake yi shi yake fara yi.

Da farko dai ka riƙe kuɗinka, kada ka sayi mai doki biyu. Kai kuma Ɗan Fagge ka yi haƙuri, kula ba ta da aiki a nan. Ita ruwa take watsawa cikin iska. Iskar Kano busasshiya ce, a tsakiyar rani danshinta yana sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai ta shanye ruwan a ji sanyi. Ta Legas ta riga ta ƙoshi, a damina tana wuce kashi 80. In Baban Ilham ya kunna kula a Ajah, fumfunar da ke takalmi sai ta hau katifa.

Ka ciro ledar fiya wata daga firji ka ajiye a tebur a nan Legas, kafin ka juya bayanta ya jiƙe sharkaf. Ledar ba ta huje ba, ruwan da ke cikin iska ne ya taɓa sanyi ya zama raɓa. Haka yake a cikin esinka. Bayan murfin na cikin akwai bututun jan ƙarfe da aka jera wa siraran faifan alminiyam, mu kwayil muke ce masa. Gas yana sanyaya shi, fanka tana jawo iskar ɗaki ta bi ta kansa, ruwan iskar ya kwanta a jiki ya gangara cikin wani ɗan tire da ke ƙasa, daga nan ya bi tiyo ya fita waje. Mai doki ɗaya da rabi a daminar Legas yana iya tatsar fiye da lita ɗaya a awa guda, sai ka lissafa na dare ɗaya. A Kano a watan Maris ɗan abin da yake fitarwa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ko tiyon ya karkace ba mai sani. Nan kuwa kuskuren yatsa ɗaya a wurin kafawa sai bango ya ba da labari. Asalin na'urar ma don danshi aka ƙirƙiro ta. Willis Carrier ya haɗa ta a 1902 saboda wata maɗaba'a a Brooklyn ta Amurka, inda laima ke kumbura takarda launuka su ƙi hawa daidai. Sanyin da muke so daga baya aka mai da shi kasuwa.

Saboda haka hanyar ruwan za ka fara bi, kuma yawancinta ba ka bukatar kowa.

Kashe wuta daga soket ko daga suwic ɗin bango, ba daga rimot kawai ba. Ɗaga murfin gaba, za ka ga raga biyu, su ne filta. Zare su ka ɗaga wajen haske. In ba ka hango haske ta ciki, to ka samu rabin matsalarka, domin idan iska ba ta wucewa sosai kwayil yana yin ƙanƙara, in ta narke kuma ta fi ƙarfin tiren ta malalo. Wanke su da ruwa da ɗan omo, ka shanya a inuwa, sai sun bushe ƙayau ka mayar. A nan duk sati biyu ake yi, ba sau ɗaya a shekara kamar yadda aka saba a gida ba.

Tun filta suna waje, ɗauki buta ka riƙa tsiyaya ruwa a hankali a kan kwayil ɗin, ta tsakiya, nesa da hannun dama inda kayan wuta suke. Ka sa wani ya tsaya a waje wajen bakin tiyo. In ruwan yana fita kamar yadda kake zubawa, hanya lafiya. In ya ƙi fita, ko ya dawo ta bango, to ta toshe ko kuma ba ta da gangara. Abin da na fi tararwa shi ne wata yauƙi mai kama da majina da ke taruwa a tire da cikin tiyo, gansakuka ce da ƙura, tana son ɗumi da ruwa. Sai zanzaro, wanda yake ganin bakin tiyo ya kai laka ya yi ɗaki. Sai kuma aikin masu kafawa: su bar tiyon ya lotsa a tsakiya ruwa ya kwanta, ko su cusa bakinsa cikin kwata har ya nutse, ko su huda bango a miƙe alhali ramin ya kamata ya sunkuya zuwa waje. Ka ɗora ma'aunin magina a saman na cikin ma ka gani. Ya zauna daidai, ko ya ɗan karkata kaɗan wajen da tiyon yake. In ya karkata ɗaya gefen, ko tiyo sabo ne fil sai ya zubar.

Toshewa dai ana buɗe ta da zuƙowa daga waje da injin shara mai jan ruwa, ko a tura ruwa da ɗan ƙarfi. Don Allah kada ka sa baki ka zuƙa, na ga masu yi. Bayan ta buɗe, duk wata ka zuba rabin kofi na farin ruwan khal a tiren, yana hana yauƙin dawowa da wuri. Ban son bilic a wurin, yana cin alminiyam. Kuma kada a taɓa haɗa bilic da khal, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Warin kuma, haska tocilan ta inda iska ke fitowa. Akwai wata doguwar fanka mai kama da gora a kwance. Ina da yaƙinin za ka ga baƙaƙen ɗigo a jikinta. Fumfuna ce, ita kuke shaƙa. Wannan kam aikinmu ne, sai an rataya leda ta musamman a ƙasa an wanke kwayil da fankar da injin feshi da maganin wanke kwayil. A Legas ina ba mutane shawarar duk wata uku ko huɗu. Wanda ya zo ya goge murfi da tsumma ya wanke filta ya ce ya yi sabis, bai yi ba.

Yanzu maganar doki biyu. Mai doki ɗaya a kasuwarmu yana nufin wajen BTU 9,000 (BTU ma'aunin ƙarfin sanyayawa ne), ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000. Ɗaki ƙafa 12 da 12 mai taga ɗaya, wanda kake da shi ma ya ishe shi har da saura. Babban inji yana sauke zafin ɗaki cikin 'yan mintuna, kwamfuresa, wato injin da ke tura gas a cikin na wajen, ya tsaya, alhali bai daɗe yana aiki ba balle ya tatse ruwan iskar. Sai ka samu sanyi mai danƙo, wato dai abin da kake kuka da shi, an ninka. A ƙasar laima ƙaramin da ke aiki a hankali na tsawon lokaci ya fi babban da ke tashi yana tsayawa.

Ka duba rimot ɗinka akwai alamar ɗigon ruwa, wannan shi ne na busar da iska. Ranar da aka wuni ana ruwa, gari ba zafi amma jiki na danƙo, shi za ka sa. In a na sanyi kake, ka bar shi a 24 ko 25, fanka a ƙasa, don iska ta daɗe a kan kwayil. Sa shi a 16 ba ya ƙara masa sauri, hana shi hutawa kawai yake yi. A Indiya ma tun 2020 doka ta sa sababbin esi su fito daga kamfani a kan 24. Da safe kuma kafin a kashe, a bar shi a fanka kawai na minti 20 zuwa 30 don cikinsa ya bushe.

Je ka duba waɗannan ka dawo, sannan mu yi maganar gas. Ka karanto min abin da aka rubuta a takardar da ke manne a gefen na wajen.

Baban Ilham ya rubuta:

Allah ya saka da alheri Malam, Allah ya ƙara buɗi. Na bi yadda ka ce. Filta kam ba a magana. Da na zuba ruwa da buta, ta bango ya dawo. Na bi tiyon ta baranda sai na ga ya lotsa a bayan na wajen, an ɗaure shi da waya ya yi ciki, da na kwance wani baƙin ruwa mai yauƙi ne ya zubo. Na miƙar da shi, jiya an kwana ba bokiti.

Amma na lura da abu biyu. Siririn bututun jan ƙarfen da ke shiga na wajen yana yin farar ƙanƙara in ya ɗan jima yana aiki. Sannan wajen notin da ya ɗaure shi akwai maiƙo, ƙura ta manne a kai. Soson da aka naɗe bututun da shi ma ya yayyage. A takardar an rubuta R22. Layin wutarmu kuma Band A ne, rukunin da kuɗin wutarsa ya fi tsada, katin mita yana tafiya kamar ana kwasa, ga wutar wani lokaci tana yin ƙasa da daddare har esin ya riƙa gurnani.

Mai Gyaran Sanyi ya rubuta:

Madalla. To ka ga mai gyaranka bai yi ƙarya duka ba, gas ɗinka yana ƙasa. Abin da bai gaya maka ba shi ne gas ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa, ba ya ƙarewa. Zagaye yake yi a cikin rufaffen bututu, esin da ba ya yoyo sai ya tsufa da gas ɗin da ya zo da shi daga kamfani. Duk wanda ya ragu, ta wani wuri ya fita. Naka kuma ka riga ka gano wurin: maiƙon nan man kwamfuresa ne, tare da gas yake yawo, inda ya fito nan ne ƙofar. Ka kaɗa ruwan omo ya yi kumfa ka shafa a notin, za ka ga yana hura ƙwai.

Wannan ciwon esin da aka ciro aka sake kafawa ne. Bakin bututun ana buɗa shi ya yi kamar bakin kakaki don ya zauna a kan noti, kuma in an taɓa ɗaure shi an kwance, ya kamata a yanke a yi sabo. Masu sauri sai su mayar da tsohon haka nan. Ga abin da za ka tsaya a kai sai an yi a gabanka: a yanke bakin a sake buɗawa, a ɗaure, a gwada da iskar naitirojin a ga ba ya sauka, a sa injin bakyum ya zuƙe iska da laimar da suka shiga bututu, sannan a zuba gas da sikeli daidai nauyin da ke rubuce a takardar nan da ka karanto. Maganar bakyum ba wasa ba ce a garin nan, domin laimar da ta shiga bututu tana haɗuwa da mai ta zama asid, ta ci kwamfuresa ta ciki. Wanda ya zo maka da tukunyar gas da agogo kawai, ba sikeli ba bakyum, ka ba shi kuɗin mota ya koma. In kuma ka ga wani zai gwada yoyo da iskar oksijin ta masu walda, ka hana shi ka matsa nesa, tana haɗuwa da mai ta fashe.

R22 tsohon gas ne. Yana cikin waɗanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa a daina saboda illarsu ga sararin samaniya, ƙasashe irin namu kuma zuwa 2030 aka ba su. Shi ya sa yake ƙara tsada, jabu kuma ya yi yawa a kasuwa. Sababbin esi R410A ko R32 suke sha, kuma ba a zuba ɗaya a madadin ɗaya, ƙarfin matsinsu da man da suke aiki da shi ba ɗaya ba ne. Kada kowa ya ce maka zai haɗa maka. Ni dai ra'ayina, tun da kwamfuresanka na da rai, a gyara yoyon ka ci gaba da mora. Ranar da ya mutu kada ka sa masa kuɗi, ka sayi inbata mai doki ɗaya ko ɗaya da rabi. Ita ba ta tsayawa ta tashi, rage gudu take yi, don haka ta fi tatse laima kuma ta fi sauƙi a mita da janareta. Aibinta allon wutar da ke cikin na wajen: tsaka na son ɗuminsa, ta shiga ta kwanta a kai ta haɗa wuta, ita ta mutu allon ya mutu, kuma ba araha gare shi ba.

Soson bututu a canza shi gaba ɗaya a naɗe da tef. Bututu mai sanyi in ya fito tsirara zufa yake yi, wani ruwan da ake gani a bango ma daga nan ne. Ramin bangon kuma a toshe shi, ta nan iska mai laima da kyankyasai ke shigowa.

Tsatsa kuwa gishirin teku ne. Ajah, Lekki, Bikitoriya Ailan, Apapa, duk haka muke fama. Yana cin ƙarfen zama, yana cin faifan alminiyam har su riƙa marmashewa in ka taɓa. Duk wata ka kashe wuta ka wanke bayan na wajen da ruwa mai daɗi, a hankali daga sama zuwa ƙasa, ban da wajen akwatin wuta, kuma ban da matsi mai ƙarfi don faifan suna lanƙwashewa. In ruwan burtsatsenku na da gishiri kada ka yi da shi. Ƙarfen zaman a kankare a shafa jan fenti na maganin tsatsa, in ya ci sosai a canza, don a hawa na biyu kake kuma mutane na wucewa ta ƙasa. In ba ta baranda hannunka ke kaiwa ba, ka bar wa masu tsani da igiya. Idan ka tashi sayen sabo ka nemi mai faifai masu rufin shuɗi ko ruwan zinare, sun fi jure iskar nan.

Gurnanin dare kuma ƙarancin wuta ne. Tamu bolt 230 ya kamata ta zama, in ta faɗi sosai kwamfuresa yana ƙoƙarin tashi ya kasa, ya yi zafi. Ka sa masa na'urar kariya mai yanke wuta in ta yi ƙasa ko sama, wadda kuma take jira minti uku kafin ta mayar. Jiran nan dole ne ko da hannu kake canzawa daga janareta. In wuta ta cika amma yana gurnani bai tashi ba, yawanci kafasita ce, 'yar na'urar da ke taimaka wa kwamfuresa tashi, abu mai araha, kada a ce maka kwamfuresa ya ƙone sai an gwada ta. Kada dai ka taɓa ta da kanka, tana riƙe wuta ko an cire soket.

Maman Hanifa ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni a Fatakwal nake aure, ruwanmu ya fi na Legas ma. Malam mai gyara ya yi bayani, Allah ya biya, amma akwai inda zan ɗan saɓa masa. Maganar barin esi a fanka kafin a kashe, ni na gwada, ruwan da ke cikin injin ɗaki yake dawowa, sai ka ji zanin gado ya sake yin sanyi-sanyi. Sai dai in an gama kwana, an fito da yara, an yaye shimfiɗa, an buɗe ƙofar ɗakin zuwa falo, to a nan ba laifi. Amma ba a rufe ɗaki a bar shi a fanka ba.

Baban Ilham, ka gaya wa maman Ilham ta daina fesa turare a cikin esin, kuma in za ta sa turaren wuta ta kashe shi tukuna har hayaƙin ya lafa. Hayaƙin yana da maiƙo, injin yana zuƙe shi ya manne a raga da cikin, ƙura ta bi ta kwanta. Mu matan Arewa ba ma iya zama ba turare, ni ma ban daina ba, lokaci kawai na raba musu. Ranar da aka wanke nawa, ruwan da ya fito ja ne kamar shayi.

Wadirob kuma a janye shi daga jikin bango ko da faɗin tafin hannu ne, a riƙa buɗe ƙofofinsa lokacin da esi ke aiki. Takalmin fata da jaka kada a ƙulle su a leda. Shadda in an karɓo daga wajen mai guga a bar ta ta sha iska kafin a ninke, sau da yawa da sauran laima suke kawowa. Shanya a cikin ɗaki saboda ruwan sama ita ce babbar masifa, duk ruwan kayan iskar ɗakin yake komawa. Akwai ɗan agogon auna danshi da ake sayarwa, ba tsada, ni na rataya ɗaya. In ya wuce 60 ya daɗe a haka, fumfuna na hanya. Ɗana yana da asma, shi ya sa ban wasa da wannan, warin rimar nan da ka ce shi ke fara tayar masa.

Kuɗin wuta kam sai haƙuri. Tun Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai Band A naira 225 kowane yunit, ko da an ɗan rage daga baya, kowa ya koyi lissafi. Irin naka wanda ba inbata ba yana jan sama da kilowat ɗaya, in bai huta ba awa 8 ya kusa yunit 9, wajen naira 2,000 ke nan a dare ɗaya a farashin 2024. Mu 26 muke sawa mu haɗa da fankar silin, ya fi 18 ba fanka daɗin barci.

Ruwan da ke fita ta tiyo kuma ni tara shi nake ina goge tayil da ban ruwan shuka. Ba a sha, ba a girki da shi. A dai riƙa juye bokitin kullum saboda sauro.

Ɗan Zangon Kumasi ya rubuta:

Gaisuwa ga kowa daga Gana. Na ga an manta da tambayar hita, ni kuma aikin famfo nake yi. Alhaji kada ka toshe bututun nan ko da wasa. Bawul ne na tsaro. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake, tankin kuma a rufe yake, ta nan ne matsin ke samun hanyar fita. Ɗigo kaɗan lokacin da take dafa ruwa daidai ne, sai ka sa masa siririn tiyo ya sauka magudana. In kuma yana zuba ba tsayawa ko hitar na kashe, to bawul ɗin ya gaji ko matsin famfon gidan ya yi yawa, a canza shi da irinsa. Wanda aka toshe, ranar da na'urar yanke zafin ta lalace tankin fashewa yake yi.

Tun da tarar da ita ka yi, ka sa a buɗe a duba abu biyu. Akwai wata sanda ta magniziyam a ciki da aka sa don tsatsa ta ci ta a maimakon tanki, ruwa mai gishiri ko mai jan ƙasa irin na bakin teku yana cinye ta da wuri, in ta ƙare sai ya koma kan tankin. Sai wayar ƙasa, wato at. Gidajen haya da yawa ba a haɗa ta, ga banɗaki a jiƙe, ga mutum ba takalmi. Ka sa mai wuta ya gwada, ya kuma sa mata abin yanke wuta mai gane yoyon lantarki. Zafinta a bar shi a 60, ƙasa da haka ƙwayoyin cuta na iya zama a tankin, sama da haka ɓarnar kati ce da ƙona yara. Kafin a gyara at ɗin, a kunna ta yi zafi, a kashe daga suwic, sannan a shiga wanka.